Damagaram: 'Yan sa-kan da ke tarar wutar daji da reshen itace

A arewacin jihar Damagaram, shekarar da damina ta yi kyau ita ce shekarar da hankalin makiyayi ya fi tashi. Ruwan 2024, wanda ya rushe tsohon masallacin Birni a farkon watan Satumba, shi ne kuma ya cika dajin Tanut da Belbeji da Gure da Tesker da ciyawa. Da zarar Oktoba ya shigo ƙarangiya ta bushe, iskar hunturu ta taso, garwashi ɗaya da mai dafa shayi ya manta bai binne ba ya isa ya cinye abincin garke na wata da watanni.

'Yan kwana-kwana na birnin Damagaram ba za su iya kai ɗauki irin wannan wuri a kan lokaci ba. Daga birnin zuwa Tanut kusan kilomita 150 ne, kuma wutar ba a bakin kwalta take tashi ba, can cikin rairayi take, inda mota mai ɗauke da tankin ruwa sai dai ta kafe. Ma'aikatan gandun daji ne ke da alhakin aikin a hukumance, amma yawansu da motocinsu ba su kai girman yankin ba. Saboda haka masu fara isa bakin wuta su ne mutanen ƙauyuka da rugage: Fulani, Buzaye, Tubawa, Hausawa da Barebari, wasu a cikin ƙungiyoyin sa-kai da aka ɗan ba horo, wasu kuwa hayaƙi kawai suka hango suka hau raƙumi ko babur.

Makaminsu reshen itace ne, da buhu, da shebur idan an samu. Suna bin gefen wutar suna bugu, wasu na watsa ƙasa, sau da yawa har cikin dare lokacin da iska ta lafa. Da silifa ake wannan aiki, a kan ƙasa mai zafi da ƙaya. Albashi babu, kuma wanda ya ƙone shi da danginsa ne za su nemi kuɗin magani.

Abin da ake tsarewa ba ƙarami ba ne. Tun 1961 doka ta shata iyakar da noma ke tsayawa daga arewa, ta bar abin da ya wuce nan ga kiwo. Busasshiyar ciyawar da ke tsaye a can ita ce rumbun makiyayi har zuwa Yuni ko Yuli. Idan ta ƙone, dole garke ya gangaro kudu da wuri, wani lokaci kafin manoma su gama kwashe amfanin gona, kuma kowa ya san rigimar da ke biyo baya. In bazara ta yi tsanani sai a koma sayen dusa, ana karyar da farashin saniya don a ciyar da sauran.

Maganin da aka fi sani shi ne share hanyar tsare wuta: a kankare ciyawa a wani dogon layi mai faɗi, yadda wuta in ta iso za ta rasa abin ci. Gwamnati da abokan tallafi sun daɗe suna biyan mutanen karkara kuɗi don wannan aiki, ciyawar da aka kwashe kuma a adana ta ga dabbobi. Sai dai layin ba ya shekara biyu. Kowace damina ciyawa na sake rufe shi. Kuɗin da ya iso a watan Disamba ya makara. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma, Faransa da Tarayyar Turai sun dakatar da wani ɓangare na tallafinsu ga Nijar, abin da ya ƙara nauyi a kan aljihun gida.

A nan 'yan Damagaram mazauna Yamai, Kano, Abijan ko Libiya ke da rawar takawa. Ƙungiyoyin 'yan gari sun saba haɗa kuɗin gyaran masallaci ko rijiya, amma da wuya a ji an tara don wutar daji, wataƙila don ba gini ba ne da za a ɗauki hotonsa. Buƙatun kuwa ƙanana ne: takalma masu kauri, shebur da manjagara, jarkokin ruwan sha, man babur, da katin waya ga mai hango hayaƙi. Hanyar da ta fi tsabta ita ce a bi ta hannun hakimi ko arɗo tare da ofishin gandun daji na yankin, a rubuta sunayen waɗanda suka karɓi kaya, kuma kayan su isa kafin ƙarshen Satumba.