Mutanen Da Suka Haramta Wa Kansu Makami

Duk wanda yake zaune a Lafiya cikin watan Mayu na 2013, sa'ad da labari ya iso gari cewa an hallaka jami'an tsaro masu yawa a Alakyo cikin yini guda, ya san yadda zukata kan karkata ga makami idan tsoro ya sauka, har mutumin da bai taɓa riƙe ko gora ba ya fara tunanin abin da zai ajiye a ƙarƙashin shimfiɗarsa. Shi ya sa nake ganin ya kamata mu san labarin wasu bayin Allah da guguwar Boko Haram ta koro zuwa wannan jiha tamu ta Nasarawa, waɗanda aka fitar daga gidajensu da bakin bindiga, alhali kuwa aƙidar da suka gada ta hana su ramuwa. Su ne mabiya Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wadda aka fi sani da EYN.

Asalin wannan aƙida yana da nisa. A 1525, a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, wasu Kiristoci suka ware daga sauran, suna cewa ba a yi wa jariri baftisma sai mutum ya yi hankali ya zaɓa da kansa, kuma wanda ya bi Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ba ya rantsuwa, ba ya zare takobi ko da a kan maƙiyinsa. Hukuma ta ɗauki wannan a matsayin tawaye, har aka nutsar da ɗaya daga cikin shugabanninsu, Felix Manz, a kogi a 1527. Daga wannan tushe aka sami Menonait, masu amsa sunan Menno Simons, wani limamin Katolika ɗan Holan da ya shiga cikinsu a 1536. Aka sami Amish, waɗanda suka ɓalle a 1693 ƙarƙashin Jakob Ammann, su ne kuma har yau suke tafiya a keken doki a Amurka. Sa'an nan a 1708 'Yan'uwa suka kafu a Jamus bisa irin wannan tafarki. Mishan ɗin waɗannan na ƙarshe, Stover Kulp da Albert Helser, su ne suka kawo wannan aƙida Najeriya, suka yi sujadarsu ta farko a gindin tsamiya a Garkida ranar 17 ga Maris, 1923.

Hikayar da suka fi ƙauna ita ce ta Dirk Willems, wanda ya tsere daga kurkuku a Holan a 1569, ya bi ta kan tafkin da ya daskare, mai binsa kuwa ƙanƙara ta fashe da shi. Da ya ji kukan neman agaji sai ya juyo ya tsamo shi, aka kama Dirk nan take, daga baya aka ƙone shi da wuta. Mai karatu Musulmi ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ya san ƙissar 'ya'yan Annabi Adamu a Suratul Ma'ida, inda wanda za a kashe ya ƙi miƙa hannunsa ga ɗan'uwansa, ya kuma san yadda Halifa Usmanu ɗan Affana, Allah ya yarda da shi, ya hana sahabbai zubar da jini dominsa ranar da aka kewaye gidansa. Bambancin shi ne, shari'armu ta halatta wa mutum ya tunkuɗe mai kawo masa hari, ta ba da haƙƙin kisasi, ta kuma kwaɗaitar da afuwa. Su kuwa waɗannan mutane sun mai da afuwa farilla.

Amma fa mutum ya sallama ransa abu ne daban, ya tsaya yana kallo a ɗauke 'yarsa kuma wani abu ne daban, kuma a nan ne wannan aƙida take haɗuwa da jarrabawarta. Menonait ɗin da ke zaune a Yukren, da 'yan bindigar Nestor Makhno suka addabi ƙauyukansu a 1918 da 1919, wasu matasansu sun kafa rundunar kare kai, abin da ya raba kawunan dattawansu, jikokinsu ma ba su daina muhawara a kansa ba. A Amurka, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kimanin mutum 12,000 da suka ƙi shiga soja aka tura aikin farar hula, suna kashe gobarar daji, suna jiyyar masu taɓin hankali ba tare da albashi ba, maƙwabta suna yi musu gorin cewa 'ya'yan wasu ne ke mutuwa domin su kwana lafiya. Gorin yana da zafi, kuma, a ganina, ba duka ne ƙarya ba.

Irin wannan jarrabawa ce ta faɗo wa 'Yan'uwa na Najeriya, da nauyin da ya fi na kowa. 'Yan matan Cibok 276 da aka sace ranar 14 ga Afrilu, 2014, mafi yawansu 'ya'yan wannan ekklesiya ne. A ƙarshen watan Oktoba na shekarar maharan suka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka yi hijira zuwa Jos. Bisa ƙididdigar shugabannin ekklesiyar, an kashe mabiyansu fiye da 8,000, wasu kimanin 700,000 kuma sun rasa matsuguninsu. Duk da haka ba su yi kiran a ɗauki fansa ba, azumi da addu'a suka kira. Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: Mubi ba da addu'a kaɗai ta dawo ba, sojoji ne da mafarauta da 'yan banga suka ƙwato ta cikin watan Nuwamba, bayan haka ne hanyar komawa Kwarhi ta buɗe. Wanda ya haramta wa kansa makami, sau da yawa a inuwar mai makami yake samun barci, kuma masu ilimin cikinsu sun san da wannan, ba su kuwa sami hujjar da ta kwantar musu da rai gaba ɗaya ba.

To, ashe aƙidar ba ta da amfani ke nan? Amsar da na samu tana Gurku, a ƙaramar hukumar Karu, inda wani ɗan wannan ekklesiya, Markus Gamache, tare da abokan aikinsa Musulmi, ya kafa matsugunin 'yan gudun hijira a 2014. Da ma abin da aka saba gani shi ne, idan fitina ta tarwatsa mutane, kowa ya nemi unguwar masu addininsa, ya riƙa kallon ɗayan da zargi, kamar yadda Jos da Kaduna suka rabu gida biyu muna kallo. A Gurku kuwa da gangan aka haɗa iyalan Musulmi da na Kirista da suka gudo daga Borno da Adamawa, aka sa su buga tubali tare, su gina wa juna ɗakuna, masallaci yana nan, majami'a tana nan, yaransu kuma makaranta ɗaya suke zuwa.