Sarkin Kunamu a Akwatin Gilashi

A shagunan sayar da dabbobin kiwo na Amurka da Jamus da Ingila, idan mutum ya shiga ya ce yana son fara kiwon kunama amma bai san komai a kai ba, amsar da aka daɗe ana ba shi ɗaya ce: ya sayi Pandinus imperator, wadda suke yi wa laƙabi da sarkin kunamu. Baƙa ce wuluk mai sheƙi, tsawonta na kaiwa santimita 20, nauyinta kuma kusan giram 30. Asalinta 'yar Afirka ta Yamma ce, daga dazuzzukan Gini da Laberiya da Kwaddibuwa zuwa Ghana, Togo, Benin da Najeriya, kuma tana cikin manyan baƙaƙen kunamun da Bahaushe ke kira duwu. Masanin nan Bajamushe Carl Ludwig Koch ne ya rubuta siffarta a kimiyyance a 1841.

Mai karatu zai yi mamakin yadda halittar da ake gudu a ƙasarta ta zama abin lallashi a ɗakin wani. Dalilin yana cikin ƙirar jikinta. Duwu tana da manyan hannuwa biyu masu kama da awartaki, da su take kama abinci ta murƙushe shi, don haka ba ta cika buƙatar ƙarinta ba. 'Ya'yanta ne suka fi saurin harbi. Babba sai an matsa mata ƙwarai. Ko da ta harba, ga lafiyayyen mutum zafin bai cika wuce na harbin zuma ba, sai fa wanda jikinsa ba ya jituwa da dafi, shi kam dole ya nemi asibiti. Cizon hannun nata kuwa yana iya fasa fata har jini ya fito.

Masu nazarin kunama suna da wani ma'auni na gaggawa: mai manyan hannuwa da siririyar wutsiya yawanci dafinta da sauƙi, mai siraran hannuwa da kakkaurar wutsiya kuwa a kiyaye ta. Ma'aunin ba ya cin kowace kunama, amma yana kama hanya. Cikin nau'o'i fiye da 2,500 da aka sani a duniya, waɗanda ke iya kashe mutum ba su fi 30 ba, kuma kusan dukkansu 'yan zuriyar da ake kira Buthidae ne, irin su Androctonus da Leiurus na yankin Sahara, masu hallaka ƙananan yara a wurare irin su Agadas. Binciken da Chippaux da Goyffon suka wallafa a 2008 ya ƙiyasta cewa kunama na harbin mutane fiye da miliyan 1.2 a shekara, fiye da 3,000 kuma suna mutuwa. Shi ya sa a Birtaniya dokar 1976 kan namun daji masu haɗari ta hana ajiye 'yan Buthidae sai da lasisi. Duwu ba ta cikin wannan jerin.

Sai dai kalmar "sauƙin kiwo" da 'yan kasuwa ke yawan faɗa tana ɓoye abubuwa da dama, kuma a nan ne sababbin masu kiwo ke kashe dabbar ba da niyya ba. Duwu 'yar daji mai laima ce, tana zama a rami, ƙarƙashin ruɓaɓɓen itace, ko kusa da suri inda take cin gara. Wanda ya ɗauka kowace kunama 'yar hamada ce ya zuba mata busasshen yashi, ya ɗora ta kan hanyar mutuwa. Abin da take so shi ne akwatin gilashi mai murfi da iska ke shiga, an shimfiɗa masa ƙasa mai danshi ko dakakken gashin kwakwa mai zurfin santimita 10 zuwa 15 don ta haƙa rami, da ɓawon itace da za ta ɓuya a ƙarƙashinsa, da ɗan faranti na ruwa marar zurfi. Zafin wurin ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 30, laimar iska kuma wajen kashi 75 cikin 100. A ƙasashen sanyi sai an manna na'urar ɗumama, kuma a gefen akwatin ake manna ta. In aka sa ta a ƙasa, kunamar da zafi ya dama za ta haƙa ƙasa don neman sanyi kamar yadda take yi a daji, sai ta tarar da wutar da take gudu.

Ciyarwa ba ta da wahala. Gyare biyu ko uku, ko kyankyason da aka kiwata, sun ishi babba a mako. Wani lokaci takan yi makonni, har watanni, ba ta taɓa abinci ba kuma lafiyarta ƙalau.

Lokacin saɓa ne ya fi buƙatar lura. Kunama ba ta da ƙashi a ciki, sulken jikinta ne ƙashinta, don haka ba ta girma sai ta tuɓe tsohon. Takan yi haka sau shida ko bakwai kafin ta balaga. Idan ta fito daga tsohon sulke jikinta fari ne, laushi tiɓis, kuma gyaren da aka bari a akwatin yana iya yi mata rauni. Idan laima ta yi ƙaranci sai ta maƙale a cikin saɓar ta mutu. Masu kiwo da yawa kuma suna son haska ta da fitilar ultraviolet, domin sulken kunama na walƙiya da launin shuɗi-kore a ƙarƙashin wannan haske. Abin kallo ne na ɗan lokaci, amma barin fitilar a kunne kullum cutarwa ce ga dabbar da rayuwarta duk a duhu take.

Batun ɗauka a hannu shi ne inda ya kamata a faɗi gaskiya. Duwu ba ta sabo da mutum, ba ta gane mai ita, ganinta ma rauni gare shi; da gashin jikinta da wasu gaɓoɓi masu kama da mataji a ƙarƙashin cikinta take jin motsin duniya. Ɗora ta a tafin hannu don ɗaukar hoto firgita ta ne kawai, kuma faɗowa ɗaya daga tsayin teburi na iya fasa mata ciki. Wanda ya saye ta ya ɗauki nauyin shekara shida zuwa takwas na kula da halittar da yawancin yini ba zai ma gan ta ba.

Akwai kuma farashin da ba ya cikin rasit ɗin shago. Haƙurin da ya sa duwu ta yi farin jini shi ne ya jawo aka riƙa kwasarta daga daji dubun-dubata a kowace shekara, galibi daga Ghana da Togo da Benin. Ita kuwa ba ta hayayyafa da sauri. Ba ƙwai take yi ba, haihuwa take yi bayan cikin wata bakwai zuwa tara ko fiye, 'ya'yan kuma yawanci goma ne da ɗoriya, farare fat, suna hawa bayan uwar har sai sun yi saɓar farko. Tunda sukan zauna rukuni a wuri ɗaya, mai haƙa rami ɗaya na iya kwashe gida guda. A 1995 aka sa ta, tare da 'yan uwanta biyu, Pandinus dictator da Pandinus gambiensis, a rataye na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ma'ana ba a fitar da ita sai da takardar izini. Daga baya kwamitin yarjejeniyar ya ba da shawarar dakatar da cinikinta daga waɗannan ƙasashe uku, saboda ba su gamsar da shi cewa kwasar ba ta yi wa nau'in illa ba.

Hakan ya sa duwu ta yi tsada ta kuma yi wuyar samu a shagunan Turai da Amurka, sai 'yan kasuwa suka koma ga baƙaƙen kunamun dajin Asiya na zuriyar Heterometrus. Sun yi kama da ita sosai, kulawarsu ma kusan ɗaya ce, sai dai sun fi ta saurin fushi, kuma ba wuya a sayar wa sabon shiga ɗaya da sunan ɗayar. Ana bambanta su ta hannu da ƙari: hannun duwu na da gurje-gurje kamar an yayyafa masa tsakuwa, ƙullin ƙarinta kuma ja-ja ne, yayin da yawancin 'yan Asiyan da ke kasuwa hannunsu ya fi santsi. Yanzu akwai masu kiwo da ke hayayyafa duwu a gida su sayar da 'ya'yan, kuma mai saye na iya neman shaidar cewa a akwati aka haife ta kafin ya biya kuɗi.