Abin da Kaska Ke Zuba wa Mage a Jini

Mage dabba ce mai ɓoye ciwo. Kare in ba shi da lafiya kowa a gidan sai ya sani, ita kuwa sai ta nemi ƙarƙashin gado ko bayan rumbu ta lafe, ta daina cin abinci, mutanen gida su ce ai ɓera ta ci ta ƙoshi. Likitan dabbobi in aka kai masa irin wannan mage, abin da zai fara yi shi ne ya ɗaga leɓenta ya dubi dasashi. Na mai lafiya ja-ja ne. In ya tarar ya yi fari fat, ko ya koma ruwan ɗorawa irin na mai ciwon shawara, to ya san akwai abin da ke fasa mata jajayen ƙwayoyin jini. Cikin abubuwan da zai zarga har da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda kaska ke ɗura wa dabba sa'ad da take shan jininta.

Masana sun daɗe da sanin dangin waɗannan halittu, sai dai a jikin shanu suka fara ganin su. A 1888 wani likita ɗan ƙasar Romaniya, Victor Babeş, ya hango su cikin jinin shanun da ke fitsarin jini, shi ya sa ake kiran su Babesia. A 1893 kuma Theobald Smith da Frederick Kilborne suka tabbatar a Amurka cewa kaska ce ke yaɗa zazzaɓin da ke karkashe shanu a can. Wannan ne karo na farko da aka kafa hujja cewa ƙwaro mai shan jini na iya ɗaukar cuta daga wannan dabba ya kai wa waccan, shekara huɗu kafin Ronald Ross ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin sauro. Ta mage kuwa, Babesia felis, a 1929 aka bayyana ta daga jinin wata kyanwar daji a Sudan, wato irin kyanwar dajin da magen gida ta samo asali daga gare ta.

Abin mamaki, ba a Sudan cutar ta yi suna ba. Inda likitoci suka san ta a matsayin ciwon yau da kullum shi ne Afirka ta Kudu, musamman garuruwan bakin teku daga yankin Kef zuwa KwaZulu-Natal. A can an fi ganin ta a jikin maguna masu ƙananan shekaru. Ƙwayar takan shiga cikin jan ƙwayar jini ta hayayyafa, ta fasa ta, ta faɗa wata. Jikin magen ma yakan taya ta ɓarna, domin saifa kan kama ƙwayoyin jinin da suka kamu, wani lokaci har da lafiyayyu, ta lalata. Karen da Babesia ta kama yakan yi zazzaɓi mai zafi. Mage kuwa galibi jikinta ba ya zafi, sai kasala da rama da gashi ya hargitse. Tana iya jure ƙarancin jinin da zai kayar da kare, muddin an bar ta ta kwanta. Amma in aka tayar mata da hankali, aka yi kokawa da ita wajen ɗura magani ko cusa ta a buhu, nan take za ta iya faɗuwa matacciya, domin ɗan jinin da ya rage ba zai iya kai iskar da jiki ke bukata ba. Kuma har yau masana ba su tsayar da wace irin kaska ce ke yaɗa ta tsakanin maguna ba, duk da cewa sauran danginta duka ta kaska suke bi.

Maganinta shi ne wurin da ya kamata mai karatu ya tsaya. Allurar da makiyaya suka sani ta sammore, wadda ake yi wa shanu da karnuka in Babesia ta kama su, ba ta yi wa ta mage abin kirki. Abin da ke aiki shi ne firimakwin, maganin zazzaɓin cizon sauro na mutane, a kan rabin miligiram ga kowane kilo na nauyin magen. In aka zarce miligiram ɗaya, maganin kansa na iya kashe ta. A jikin dabbar da ba ta wuce kilo uku ko huɗu ba, tazarar da ke tsakanin waraka da mutuwa ɗan ɓarɓashin ƙwaya ne. Ko an yi daidai ma, maganin rage ƙwayoyin yake yi ba ya share su, don haka ciwon kan dawo.

Wadda ta fi wannan muni tana Amurka. Sunan danginta Cytauxzoon, kuma a Afirka ta Kudu aka fara bayyana dangin a 1948, a jikin gada. Amma mai kashe maguna, Cytauxzoon felis, a jihar Mizuri aka fara ba da rahotonta a 1976. Ma'ajiyarta wata kyanwar daji ce mai guntun wutsiya da ke dazuzzukan Amurka, wadda yawanci takan yi ɗan ciwo ta warke ta ci gaba da yawo da ƙwayar a jini. Kaskar da ta fi ɗauko ta daga daji ita ce Amblyomma americanum, wadda macenta ke da farin ɗigo ɗaya a baya, 'yar uwar kaskar nan mai zane da ke maƙale wa shanunmu har ta buɗe wa kirci hanya.

Ita wannan ba daga jajayen ƙwayoyin jini take fara ɓarna ba. Cikin wasu fararen ƙwayoyi masu gadin jiki take shiga, ta yi ta rarrabuwa har su kumbura su yi ƙato-ƙato, su toshe ƙananan jijiyoyin jini a huhu da hanta da saifa da ɓargo. Kamar mako biyu bayan cizon kaska sai zazzaɓi ya rufe magen, numfashi ya yi wuya, idanu su yi rawaya. Daga ranar da aka ga alama zuwa mutuwa sau da yawa ba a cika mako. Shekaru da dama likitoci sun ɗauke ta cutar da ba a tashi. Sai a 2011 aka wallafa wani gwaji da ya nuna cewa haɗa atobakwon da azitromaisin na kwana 10 ya ceci kashi 60 cikin 100 na magunan da aka ba, yayin da tsohon magani, imidokab, ya ceci kashi 26 kacal. Atobakwon ma daga rumbun magungunan zazzaɓin cizon sauro aka aro shi, kuma yana da tsada. Magen da ta tsira takan zama ma'ajiya ita ma, kaska ta sha jininta ta kai wa ta maƙwabta. A Turai an sami wasu 'yan uwan wannan ƙwaya a jikin maguna a Italiya da Faransa da Sifen, sai dai yawancin waɗanda ke ɗauke da su ba sa nuna ciwo.

Ta uku, Hepatozoon felis, tun 1908 aka bayyana ta a Indiya, kuma ita ce mai sauƙi a cikinsu. A jikin kare an tabbatar cewa dangin nan ba ta cizo suke shiga ba, sai dabba ta haɗiye kaskar. Ga dabbar da ke wuni tana lasar jikinta, wannan hanya a buɗe take. Takan zauna a tsokar jiki da ta zuciya, galibi ba tare da ta ta da ƙura ba, sai fa in garkuwar jikin magen ta raunana.

Gano wacce ce a cikinsu ba ƙaramin aiki ba ne. Likita kan ɗebi ɗigon jini daga kunne, ya shafa a gilashi, ya rina shi, ya duba a madubin hangen ƙananan halittu. Abin da zai gani ɗan zobe ne ko ɗigo a cikin jan ƙwayar jini, kuma ƙaramar Babesia da Cytauxzoon kusan kamarsu ɗaya. Ga kuma wata bakteriya, Mycoplasma haemofelis, mai manne wa bayan ƙwayar jini, wadda ita ma ke kawo ƙarancin jini, amma an fi danganta yaɗuwarta da faɗan muzurai da ƙuma, kuma maganinta daban ne. Dattin rini kansa kan yaudari ido. Gwajin ƙwayoyin gado ne ke raba gardama, shi kuwa sai a manyan ɗakunan bincike irin na jami'o'i da cibiyar binciken dabbobi ta Vom. Shi ya sa a ganina duk wanda ya kalli mage kawai ya yanke cewa ga cutar da ke damunta ga allurarta, caca yake yi da ranta.

Magen titi ita ce mahaɗa tsakanin daji da ɗaki. Tana kwana a kango da mayanka da gindin shara, tana farauta a ciyawa, tana faɗa da 'yan uwanta, kuma cututtukan da ke karya garkuwar jikin maguna sun fi yawa a jikin muzuran da ke yawo suna cizon juna. A irin wannan jiki ƙwayar da ta kwanta shekara da shekaru kan farka. Saboda yawan lasa, ba a cika ganin kaska jingim a jikin mage ba kamar a kunnen kare, sai a inda harshe ba ya kaiwa: kai, kunne, haɓa, wuya, da tsakanin yatsu. Sannan kaskar kare mai ruwan ƙasa ba ta bukatar daji. A tsagar bango da ƙarƙashin tabarma take yin ƙwai, don haka gidan da ke da kare magensa ba ta tsira ba ko da ba ta leƙa waje.

A garuruwanmu kuwa, hatsarin da na fi ji wa mage ba kaskar ba ce, taimakon mai gida ne. Hantar mage ba ta iya sarrafa wasu magunguna yadda ta mutum ko ta kare ke yi. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya, wadda ake jefa wa duk mai zazzaɓi, ta isa ta kashe ta, kuma ta hanyar lalata jinin da ake neman ceto. Maganin kaska na karnuka da aka rubuta permethrin a kwalinsa yakan jefa mage cikin karkarwa da farfaɗiya, wani lokaci ko da jikin karen da aka shafa wa kawai ta goga. Ruwan wankan shanu da maganin feshin ƙwari irin su fiya-fiya ba a ma maganarsu, tunda duk abin da aka shafa mata sai ta lashe. Akwai magungunan ɗigawa a ƙeya da aka yi musamman domin maguna, kuma su kaɗai ya kamata a nema, a kan nauyin da likita ya auna.

In an ga kaska, a kama ta da hantsaki daf da fata, a ja a miƙe a hankali har kan ya fito. Kada a ɗiga mata kananzir ko a kusanta mata wuta. Kada kuma a murtsuke ta da farce yadda aka saba, domin ko da yake ba a san waɗannan ƙwayoyi na mage da kama mutum ba, wasu kaskokin na ɗauke da cututtukan da ke kama shi. Saurin cirewa na da amfani: a gwajin da aka yi a Amurka, sai da kaska ta yi kusan kwana ɗaya da rabi a maƙale kafin ta zuba wa mage Cytauxzoon.