Daga Makuba Zuwa POP: Launi Ya Dawo Cikin Gida

A sababbin unguwannin Kano da Kaduna, mai gida ya daina gamsuwa da farin bango. Yanzu idan aka shiga falo, bango ɗaya kore ne shar, ko shuɗi mai duhu, ko ruwan ɗorawa. Sama an ɗaura silin POP mai hawa biyu, fitilu na ɓoye a bakinsa, ƙasa tayil na sheƙi, labulen da aka yanko a Kantin Kwari ya sauko har ƙasa. Masu sana'ar ƙawata gida sun yawaita, yawancinsu matasa ne, mata da maza, kuma Instagram da TikTok ne shagonsu. Mutane da dama na ɗaukar abin a matsayin yayin Dubai ko Turkiyya. Kayan aikin kam baƙi ne, amma son launi mai ƙarfi ya daɗe a ƙasar Hausa.

Ƙofar fadar Zazzau ta isa shaida. Ja, kore, shuɗi da rawaya sun sarƙe da juna a jikin bangon, dagi na bin dagi, zankwaye na tsaye a sama. A Zariyar ne kuma Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, da bakan gizo na azara da ƙasa waɗanda masana gine-gine ke zuwa kallo har gobe. A Kano akwai Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa. A Damagaram akwai gidajen unguwar Birni, a Agadas kuma tsohon garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. A duk waɗannan wurare, magini kan zana adonsa ne tun yaɓe yana ɗanye, da yatsa ko da wuƙa, launi ya biyo daga baya.

A cikin gida kuwa mata ne suka riƙe fagen. Kafin zuwan kabad ɗin gilashi, ranar jere 'yan uwan amarya kan cika bango da tasoshi da kwanonin sha da langa masu furanni, sahu bisa sahu, daga kan gado har kusa da rufi. Wadda ta iya jere ta san inda za ta sa ja don kada ya danne kore, ta san yadda hasken ƙofa zai faɗa a kan kwano ya haska ɗakin duka. Abin da ake koyarwa yau a kwasa-kwasan ƙawata gida ke nan, kuma waɗannan matan sun cancanci a kira su gwanaye.

Bambancin da ya fi muhimmanci tsakanin jiya da yau yana ƙarƙashin fentin. Maginan dā sun san bango yana shan ruwa yana kuma fitar da shi. Shi ya sa suke shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tana ba bango launin ja mai duhu tana kuma kare shi daga ruwan sama. Ga rufin soro akwai laso, haɗin katsi daga marina da gashin jima da dafara. Duk waɗannan suna tafiya da ƙasa: idan ta jiƙa su jiƙa tare, idan ta bushe su bushe tare.

Siminti ba haka yake ba. Idan aka yi wa tsohon ginin ƙasa filasta da siminti, sannan aka bi da fenti mai mai, danshin da ke tasowa daga tushe ba shi da mafita. Sai ya taru a ciki, ƙasar ta ruɓe, filastar ta rabu da bango. Mai gida zai ƙwanƙwasa ya ji wurin yana amo kamar ganga, wata damina kuma ɓangare guda ya zube. Tsofaffin gidaje da yawa a cikin birni sun lalace ta wannan hanya, da sunan gyara.

Ko a ginin bulo matsalar tana nan. Dubi ƙasan bangon falon da aka yi wa fenti cikin gaggawa don biki ya matso: daga tayil zuwa kamar tsayin gwiwa, fentin ya kumbura, ya yi ƙuraje, wani farin gari na fita idan an shafa hannu. Gishiri ne da ruwa ya kwaso daga ƙasa da siminti, ya bar shi a fuskar bango bayan ya bushe. A kan farin fenti ba a cika lura ba, amma a kan shuɗi mai duhu ko ja abin yana fitowa ɓaro-ɓaro. Mai fentin kirki zai ce, "Alhaji, bangon nan bai sha iska ba, a ba shi wata guda." Sau da yawa ba a saurare shi. Haka ma POP, wanda farin dutse ne mai laushi da aka gasa aka niƙa: ba ya shiri da ruwa ko kaɗan, don haka wanda ya ɗaura shi ƙarƙashin kwanon rufin da ke yoyo ya zubar da kuɗinsa. Sai an fara da rufi da magudanar ruwa da tushen bango kafin a je kasuwar Ƙofar Ruwa zaɓen launi.

Zafi ma abin dubawa ne. Launi mai duhu yana shanye hasken rana, mai haske yana mayar da shi. A garin da zafin bazara ke wuce digiri 40, bangon waje da ke fuskantar yamma bai dace da baƙi ko ruwan toka mai duhu ba, duk da yayinsu da ake yi. Launi mai nauyi ya fi kyau a ciki, a bango ɗaya, inda taga ke kawo masa haske.

Akwai misalin gyara mai kyau a Dandaji, wani ƙauyen Hausawa a jihar Tawa ta Nijar. A 2018 masu zanen gine-gine Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka kammala aikin mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu maimakon a rushe shi. Sun kira maginan gargajiya suka gyara ginin da irin ƙasarsa, aka kuma gina sabon masallaci a gefe da bulon ƙasa da aka matse da inji. A kasuwar garin, Mariam ta kafa rumfunan ƙarfe masu siffar faifai, an yi musu fenti kala-kala, suna hawa bisa juna suna ba 'yan kasuwa inuwa, iska kuma na ratsawa ta tsakaninsu.