Tseren Babur a Ingila, Shekarar 1947

Dukanmu mun san babur. Mun san yana da birki, yana da giya. To, yau za mu karanta labarin wani irin babur marar birki, da gasar da samarin Ingila suka yi da shi a shekarar 1947.

Turawa suna kiran wannan tsere Sifidwe. Daga Ostareliya ya zo musu. A cikin 1928 ya shiga Ingila, aka yi taronsa a wani wuri kusa da Landan mai suna High Beech.

Yadda ake tseren

Filin kewayayye ne, siffarsa kamar ta ƙwai. Zagaye ɗaya kamar yadi 400 ne, wani fili ya fi haka, wani bai kai ba. Babu kwalta. A wancan zamani tokar kwal ake zubawa, a baje ta.

Mutum huɗu ke fita a kowane karo, biyu daga wannan ƙungiya, biyu daga waccan. Sai su jeru bayan wata igiya. Da igiyar ta yi sama, sai su zabura. Zagaye huɗu suke yi, kullum suna juyawa hagu. Minti ɗaya da 'yan daƙiƙu an gama.

To, yaya mutum zai sha kwana ba birki? Sai ya kwantar da babur gefe guda, tayar baya tana zamewa, tana watsa toka. Shi kuwa ya tokare ƙasa da ƙafarsa ta hagu. Shi ya sa ake ɗaura wa takalmin hagu ƙarfe. Wasa ne mai haɗari. Da yawa sun karye a cikinsa, waɗansu ma sun rasa rayukansu.

Yadda ake lissafi

Wanda ya zo na ɗaya maki 3 gare shi. Na biyu maki 2, na uku maki 1. Na huɗu ba shi da kome. Maki 6 ke nan a kowane karo.

Mu lura da wannan. In ɗan ƙungiyarmu ya zo na ɗaya, abokinsa kuwa ya zo na ƙarshe, muna da 3. Abokan karawarmu suna da 2 da 1, su ma 3 ke nan. Ashe gwani ɗaya ba ya ci wa ƙungiya wasa. Amma in abokin nan ya daure ya zo na uku, mun sami 4, su kuwa 2.

A wancan zamani karo 14 ake yi a wasa guda, wato maki 84 ake rabawa. Ƙungiyar da ta fi yawan maki ita ta ci wasan ran nan, sai a rubuta mata lamba 2 a littafin gasa. In an yi kunnen doki, kowace ta sami lamba 1.

Rukuni na Uku

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945. Ingila ta fito a gajiye. Nama da sukari da tufafi duk da kati ake sayen su, gwargwado. Mutane suna neman abin da zai ɗebe musu kewa bayan sun tashi daga aiki, sai suka yi ta tururuwa zuwa kallon tseren babur. Ga kuma samari da suka koyi hawan babur a soja, suna son a gwada su.

Rukuni biyu na gasa suka kasa ɗaukar kowa. Saboda haka a 1947 aka buɗe Rukuni na Uku, don sababbin mahaya su koyi sana'ar. Ƙungiya takwas suka shiga: Eastbourne, Cradley Heath, Southampton, Exeter, Plymouth, Tamworth, Hanley da Wombwell.

Yawancinsu garuruwan ma'aikata ne. Mutanen Cradley Heath maƙeran sarƙa ne. Ƙungiyar Hanley laƙabinta Magina Tukwane, gama sana'ar garin ke nan. Ta Wombwell kuwa Mahaƙan Kwal ake ce mata.

Kowace ƙungiya ta kara da sauran bakwai ɗin sau huɗu huɗu, biyu a gida, biyu a waje. Wasa 28 ke nan.

Yadda gasar ta ƙare

Da aka gama, aka buɗe littafi, sai aka ga Eastbourne da Cradley Heath lambarsu daidai. To, wa za a ba? Sai aka koma kan makin nan na karo karo, tun daga farkon shekara. Aka tara wanda kowace ƙungiya ta ci, aka ɗebe wanda aka ci a kanta. Ragowar Eastbourne ta fi yawa, ta zama zakara.

Kun ga amfanin maki ɗayan nan na mai zuwa na uku. Ran da ya same shi, ba lalle a tafa masa ba. Amma an rubuta shi, kuma ran lissafi ya yi magana.

Abin da ya biyo baya

Zakaru ba su daɗe suna murna a gida ba. Filin Eastbourne yana bayan gari ne, a wani ƙauye mai suna Arlington. Baburan tseren ba fetur suke sha ba, wani mai ne ana ce masa metanol. Amma motocin 'yan kallo fetur suke sha, ga shi fetur ya yi wuya, gwamnati ta hana ƙona shi a yawon shaƙatawa. Tilas ƙungiyar ta ƙaura zuwa garin Hastings a 1948. Can ma maƙwabtan fili suka kai ƙara saboda rugugin babura, aka rufe bayan gasar 1949.

Cradley Heath ta sake zuwa ta biyu a 1948, Exeter ta ci. Rukuni na Uku shekara biyar ya yi da wannan suna, daga 1947 zuwa 1951.

Ya kuwa yi aikin da aka buɗe shi dominsa. Cikin mahayan Eastbourne na 1947 akwai wani saurayi, Wally Green. Ya bi ƙungiyarsa Hastings, daga nan ya hau Rukuni na Ɗaya tare da West Ham ta Landan. A 1950 aka tara gwanayen duniya a filin Wembley, ya zo na biyu. Shekara uku ke nan tsakani.

Tambayoyi

1. Maki nawa ake rabawa a karo ɗaya?
2. In 'yan ƙungiyarmu suka zo na ɗaya da na biyu, maki nawa muka samu?
3. Me ya raba gardama tsakanin Eastbourne da Cradley Heath?
4. Don me ƙungiyar Eastbourne ta ƙaura?