Abin da ya kamata ku sani game da sabon nau'in gizo-gizo

A shekarar 2021 wata masaniya 'yar ƙasar Folan, Wanda Wesołowska ta Jami'ar Wrocław, ta wallafa bayanin nau'o'in gizo-gizo biyar daga Nijeriya waɗanda ba a taɓa rubuta su a littattafan kimiyya ba. Uku daga ciki ta haɗa su a sabon jinsi mai suna Detalik. Akwai Detalik ibadan, da Detalik idanrensis mai ɗauke da sunan Idanre ta Jihar Ondo, sai Detalik anthonyi da aka sa wa sunan Anthony Russell-Smith, Baturen Ingila da ya tattara gizo-gizo a wajen Ibadan tun shekarun 1970. Sauran biyun suna jinsin Malizna. Duk ƙanana ne ƙwarai, ba su kai rabin santimita ba, kuma a kudancin ƙasar nan mai kurmi aka same su.

In an ce nau'i sabo ne, ba ana nufin yanzu ya bayyana a duniya ba. Yana nan tun fil azal yana farautarsa a ƙarƙashin ganye. Abin da ake nufi shi ne sai yanzu wani masani ya duba jikinsa gaɓa-gaɓa, ya gwada shi da 'yan'uwansa da aka sani, ya tabbatar ya bambanta, sannan ya ba shi suna a rubuce. Aikin yana da jinkiri, samfuri kan yi shekaru da dama a kwalba a gidan adana kayan tarihin halitta kafin a sami mai duba shi.

Sai mu fara da jikin. Mukan jefa gizo-gizo cikin ƙwari, amma masana sun raba su. Fara da sauro da tururuwa ƙafa shida ne da su, jikinsu kashi uku, suna da 'yan gashin nan biyu na jin motsi a ka, yawancinsu kuma da fiffike. Gizo-gizo ƙafarsa takwas, jikinsa kashi biyu, ba shi da fiffike. 'Yan'uwansa na kusa su ne kunama da kaska. Kashin gaba ya haɗa kai da ƙirji wuri guda, a nan idanu da baki da dukkan ƙafafu suke. Kashin baya shi ne ciki, mai ɗauke da zuciya da huhu da kayan haihuwa, kuma wani siririn ƙugu ne ya haɗa sassan biyu. A ƙarshen cikin akwai 'yan kafofin da zare ke fitowa. Zaren yana ruwa-ruwa a cikin jiki, sai ya ƙafe yayin da ake jan sa waje.

A gaban baki akwai fiƙa biyu masu ɗura dafi. Gizo-gizo ba ya haɗiye abinci mai tauri: yana zuba wa abin da ya kama ruwan narkar da abinci, naman ya narke, shi kuma ya tsotse. Ba shi da ƙashi a ciki, ɓawon jikinsa ne ke riƙe shi, don haka dole ya riƙa saɓa kafin ya girma. Wannan busasshen gizon da kuke gani rataye a lungun rumbu, sau da yawa saɓa ce, mai ita ya yi gaba.

Su Detalik suna cikin dangin da ake kira Salticidae, wato gizo-gizo masu tsalle. Shi ne dangi mafi girma, nau'o'insa sun haura 6,000. Duk mai zama gindin bango da hantsi a Jahun ya san su: ɗan ƙaramin nan da ke tafiya yana tsayawa, ya juyo ya dube ka, ya daka tsalle kan ƙuda. Ba sa saƙar tarko. Da ido suke farauta, kuma cikin idanunsu takwas, biyun tsakiya na gaba manya ne masu gani tar, sauran kuma na lura da motsi a gefe da baya. Tsallen ma abin mamaki ne, domin matsa ruwan jikinsa yake zuwa cikin ƙafafu da ƙarfi, su miƙe farat ɗaya su cilla shi. Kafin ya tashi yakan maƙala zare a inda yake tsaye, in ya kuskure ya hawo ta kansa.

Amma duk waɗannan ba su ne ke raba nau'i da nau'i ba. Launi ma ba abin dogara ba ne, don namiji da mace na nau'i ɗaya kan sha bamban har a ɗauka ba su da alaƙa, kuma launi yana dushewa a cikin kwalba. Inda masani ke zuba ido shi ne kayan haihuwa. Kusa da baki gizo-gizo yana da wasu gaɓɓai biyu masu kama da gajerun ƙafafu. A jikin balagaggen namiji kawunansu a kumbure suke, da su yake ɗiban maniyyi ya kai wa mace. Ita kuma tana da wani ɗan faranti mai tauri a ƙarƙashin cikinta, da hanyoyi da jakunkunan ajiya a bayansa. Sassan biyu suna dacewa da juna kamar ɗan makulli da kwaɗonsa, kuma kowane nau'i da irin tasa ƙirar. Sai a sa su ƙarƙashin maikuroskof, a zana kowace lanƙwasa da kowace ƙaya, a auna, a gwada da zanen nau'o'in da aka riga aka sani. Yau ana ƙarawa da gwajin ƙwayoyin gado, amma zanen nan har gobe shi ne ginshiƙi.

In an tabbatar, sai suna. Ƙa'ida ita ce kalma biyu a tsarin Latin, ta farko jinsi, ta biyu nau'i, a biyo da sunan wanda ya bayyana shi da shekara. Tsarin ya kafu ne da aikin Carl Linnaeus na 1758, sai dai sunayen gizo-gizo ana ƙirga su daga littafin ɗan ƙasarsu Suwidin, Carl Clerck, na 1757. Ana keɓe samfuri ɗaya a ajiye a matsayin ma'auni, duk mai shakka ya je ya duba. Akwai kundin duniya na sunayen gizo-gizo da gidan tarihin halitta na Bern a Suwizalan ke kula da shi, kuma a watan Afrilun 2022 ya shigar da nau'i na 50,000.

Abin da ke damuna a nan shi ne rabon da aka yi mana. Manyan ayyukan da aka wallafa kan masu tsalle na Nijeriya, na 2011 da Wesołowska ta yi da Russell-Smith, da na 2012 kan yankin Kalaba, duk kudu suka fuskanta. Mu a nan arewa ba mu da kurmi irin na Idanre, amma muna da fadamar Harbo, da gonakin shinkafa na Miga, da duwatsun Dutse da lambunan dabinonta, da dausayin Baturiya, da kogon kowace tsohuwar kuka da tsamiya. Kowanne mazauni ne daban. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutse, ga ta Sule Lamido a Kafin Hausa, kuma aikin ba ya cin kuɗi kamar sauran binciken kimiyya.

Ba kuma aikin nishaɗi ba ne kawai. Gizo-gizo mafarauci ne, a gonar shinkafa yana cin ƙwarin da ke tsotse shuka, kuma maganin feshi ba ya tantance shi da su. A 2003 Wesołowska da Robert Jackson sun bayyana wani mai tsalle daga gaɓar Tafkin Biktoriya a Kenya, Evarcha culicivora, wanda ke zaɓar macen sauron da ta sha jini, musamman irin mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Sai da aka ba shi suna aka san da wa ake magana, sannan binciken halinsa ya yi nisa. Game da tsoron tautau kuma, mafi yawan gizo-gizo fiƙarsu ba ta yi wa mutum wata illa, kuma ƙurajen da ake ɗora masa sau da yawa aikin wani siririn ƙwaro ne mai suna Paederus, mai bin hasken fitila a wuraren danshi, wanda ruwan jikinsa ke ƙona fata in an murje shi.

Ɗalibin da ke son farawa yana bukatar ƙananan kwalabe, da sinadarin etanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, da farin ƙyalle da zai shimfiɗa ƙarƙashin reshe ya karkaɗe a kai. Busasshen ganyen ƙasa kuma a tankaɗe shi a rariya. Balagaggu ake nema, maza da mata, don ƙanana ba su da sassan da ake tantancewa da su. Kowace kwalba a jefa mata 'yar takarda da aka rubuta da fensir, tunda tawada kan narke: sunan gari, irin wurin da aka kama shi, kwanan wata, da sunan wanda ya kama. Samfurin da ba shi da wannan takarda masana ba sa iya dogara da shi wajen bayyana sabon nau'i.