Zaitun da Kabewa

Zaitun da kabewa abinci ne guda biyu da ake yawan ambata idan ana maganar gina jiki. A ilimin tsirrai dukkansu 'ya'ya ne, domin daga fure suke fitowa kuma suna ɗauke da iri, ko da yake a wajen girki ana lissafa su cikin kayan miya. Sai dai sun sha bamban ta fuskar asali, yanayin tsiro da abin da suke ba jiki. Zaitun maiƙo ya fi yawa a cikinsa, kabewa kuwa ruwa da bitamin A.

Asali da yaɗuwa

Sunan zaitun a kimiyyance shi ne Olea europaea. An fara nomansa a gabashin tekun Bahar Rum, wajen ƙasar Sham, kimanin shekara 6,000 da suka wuce. A yau Sifaniya ce ta fi kowace ƙasa samar da shi, sannan akwai Italiya, Girka, Turkiyya, Maroko da Tunisiya. Akwai wani nau'in zaitun na daji da ke tsirowa a duwatsun Sahara, har da duwatsun Azbin a Jamhuriyar Nijar.

Kabewa tana cikin rukunin Cucurbita, kuma danginta su ne kankana, duma, guna da kokwamba. Asalinta nahiyar Amurka ce. An gano tsofaffin 'ya'yanta a wani kogo a jihar Oaxaca ta ƙasar Meziko, waɗanda suka kai kusan shekara 10,000. Ta bazu zuwa Turai, Afirka da Asiya bayan shekarar 1492. Sin da Indiya suna cikin manyan masu nomanta.

Yanayin tsiro

Zaitun itace ne da ba ya zubar da ganye, yana jure fari, kuma yakan rayu ɗaruruwan shekaru. Yana ɗaukar shekaru kafin ya fara 'ya'ya, kuma yana buƙatar sanyin hunturu kafin ya yi fure sosai, shi ya sa ba a cika nomansa a ƙasashe masu zafi ba. Ɗan zaitun ƙarami ne mai ƙwallo ɗaya a ciki, kamar dabino. Ɗanyensa yana da ɗaci ƙwarai, don haka sai an jiƙa shi a ruwan gishiri kafin ya ciwu. Mafi yawan wanda ake girbewa mai ake tatsa daga gare shi.

Kabewa tsiro ce mai yaɗo wadda ke nuna cikin wata uku zuwa huɗu, sannan ta mutu. Tana fitar da fure namiji da fure mace a jiki ɗaya, kuma ƙudan zuma ne ke haɗa su, alhali zaitun iska ce ke yi masa wannan aiki. A ƙasar Hausa ana shuka ta da damina a gefen gona ko a bayan gida, kuma idan ta ƙosa takan yi watanni a ajiye ba ta lalace ba.

Sinadaran gina jiki

A cikin giram 100 na ɗanyar kabewa akwai kalori 26 kacal. Fiye da kashi 90 cikin ɗari ruwa ne, maiƙon da ke cikinta bai kai giram ɗaya ba, kuma tana da fotasiyam kimanin miligiram 340. Launin ruwan goro da ke jikinta alama ce ta sinadarin beta-karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A.

Giram 100 na koren zaitun da aka jiƙa a gishiri yana da kalori 145 da maiƙo kimanin giram 15. Yawancin maiƙon nau'in olik asid ne, wanda ba ya daskarewa kamar kitsen dabba. Yana kuma da bitamin E. Amma sodiyam ɗinsa ya haura miligiram 1,500, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai miligiram 2,000 a yini.

'Ya'yan cikin kabewa, waɗanda ake yawan zubarwa, sun fi naman nata ƙarfi. Kusan rabinsu mai ne, kusan kashi 30 cikin ɗari furotin, kuma suna da maganeziyam da zink.

Amfani ga lafiya

Man zaitun an fi saninsa da taimakon zuciya. Wani bincike mai suna PREDIMED da aka yi a Sifaniya kan mutane sama da 7,000 ya nuna cewa masu cin abincin yankin Bahar Rum tare da tataccen man zaitun sun samu raguwar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 30 cikin ɗari. Wannan amfani yana zuwa ne idan man ya maye gurbin kitse, ba idan an ƙara shi a kai ba. Mai hawan jini ya kamata ya rage cin zaitun mai gishiri, kuma man ba ya maye gurbin maganin asibiti.

Kabewa tana taimakawa wajen kare yara da masu juna biyu daga ƙarancin bitamin A, wanda ke jawo dundumi da raunin garkuwar jiki. Ƙarancin kalori ya sa ta dace da mai son rage ƙiba.

Yadda suke haɗuwa

Jiki ba ya tsotse beta-karotin da kyau sai da maiƙo. Saboda haka kabewa da aka dafa da ɗan mai ta fi wadda aka dafa da ruwa kaɗai amfani. Man zaitun yana yin wannan aiki, amma a kasuwannin Najeriya da Nijar daga waje ake shigo da shi, kuma yana da tsada. Gyaɗa ma tana da olik asid mai yawa. Miyar taushe, wadda ake haɗa kabewa da gyaɗa da alayyahu a cikinta, ta riga ta haɗa bitamin ɗin da maiƙon da zai kai shi jiki.